Kafin a cire haƙori a fara tambayar mai haƙorin

Malam Edita assalamu alaikum, ya aiki ya kuma zafi, mu dai nan Garwa rana ta buɗe sai hamdala. Don Allah ka ɗan ba ni fili a jaridar nan tamu in yi magana kan wani abu da ya samu yayana a kujerar likitan haƙori, wanda har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi. Ni ma'aikacin jinya ne, anfirmiye kamar yadda muke cewa a nan, na daɗe a ɓangaren irjans, wato ɓangaren gaggawa, kafin a maida ni wani wuri, kuma tun yanzu in faɗa ba zan kama sunan asibitin ba don ba faɗa ya kawo ni ba, likitan ma mutumin kirki ne wallahi.

Yayana ɗan kasuwa ne, ya haura shekara 60, yana da ciwon suga kuma kullum da safe yana shan Daonil. Haƙorin matauni na ƙasa ya hana shi barci kusan sati biyu, ya yi kanumfari ya yi kanwa, wani a kasuwa har cewa ya yi ya ɗiga ruwan batir a ramin, Allah ya sa bai biye masa ba. Ana gobe za mu je sai maƙwabcin shagonsa yace masa ai in za a yi maka allura ba a karyawa, da ciki wayam ake zuwa. Shikenan Yaya ya haɗiye ƙwayarsa bayan sallar asuba kamar yadda ya saba, ko kunu bai kurɓa ba kuma bai faɗa min ba. Muka hau kilando, wato babur ɗin haya, muka isa wajen ƙarfe 8, muka tarar da layi, ga wuta an ɗauke fanka ba ta juyawa, ba a kira mu ba sai 11 da rabi.

Likitan Faransanci kawai yake ji, ni ne tafinta. Tambaya ɗaya ya yi: wanne ne yake ciwo? Yaya ya nuna da yatsa, aka duba, aka ce cirewa za a yi, aka yi allurar kashe wurin. Kuma a nan dole in faɗi gaskiya ko da a kaina ne, ni da na san yana da suga, ni da na yi shekaru ina yi wa mutane faɗa kan irin wannan, ban buɗe baki nace komai ba, hankalina yana kan a gama mu tafi.

Likita ya juya yana jera kayan aiki sai na ga goshin Yaya ya jiƙe, ba irin zufar zafin gari ba, na taɓa hannunsa sanyi ƙalau kuma yana karkarwa. Ya kalle ni yace "kai wa ka bar wa shagon?" alhali shi da kansa ya rufe shagon makullin yana aljihunsa. Ya fara ture hannun yarinyar da ke taimaka wa likita yana faɗa, mutumin da ko yaransa ba ya ɗaga wa murya. Yarinyar tace tsoro ne, haka manya ke yi in sun ga filaya. Na durƙusa kusa da kunnensa nace Yaya me ka ci da safe? Yace bai ci ba. Nace ƙwayar fa? Yace ya sha. Innalillahi. Nace dokta a kawo na'urar gwajin suga, aka kawo, amma ɗan tsinken da ake ɗiga jinin a kai ya ƙare. Nace toh sukari fa, ko alewa, ko lemon kwalba? Babu ko ɗaya a ɗakin. Da gudu na fita bakin get wajen mai shayi, ban ma tsaya gaisuwa ba nace sukarin dala ashirin da kofi, na dama da ruwa na dawo, Allah ya taimake mu har lokacin yana iya haɗiya. Bayan kamar minti 10 sai ga shi ya dawo hayyacinsa yana tambaya wai lafiya kuka tsaya a kaina kuna kallona, an cire ne?

Ba a cire ba ranar. Amma abun da ya sa na ɗauki waya nake rubuta wannan wasiƙa shi ne abun da na gani bayan nan. Likitan hankalinsa ya tashi sosai, ya jawo wani ƙaramin akwati daga ƙasan kabad yace ga kayan gaggawarsu. Muka buɗe tare. Kwalbar adrenalin guda biyu, ruwan ciki ya koma kalar shayi kuma kwanan watansu ya daɗe da wucewa, Ventoline na masu asma babu, glukoz babu, tukunyar oksijin kuma tana can wani gini sai an aika. Yace min rabon da ya buɗe akwatin har ya manta, tunda ba a taɓa samun matsala ba. Toh ai dama haka abun yake, sai ka yi shekara biyar ba ka buƙace shi ba, ranar da ka buƙata kuma minti biyar gare ka.

Mu a nan mun ɗauki cire haƙori kamar aski, shi ya sa ma wasu ke miƙa bakinsu ga mai filaya a ranar kasuwa. Amma haƙori ba shi kaɗai yake zuwa asibiti ba, tare da mai shi yake zuwa, da hawan jininsa da sugansa da asmarsa da duk ƙwayoyin da yake sha, ga tsoro ga kwana biyu bai yi barci ba bai ci abinci ba saboda ciwo. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar a Nuwamban 2022 tace kusan mutum biliyan 3.5 a duniya suna fama da ciwon baki da haƙori, kenan duk irin cutar da ka sani a gari wata rana sai ta zauna a wannan kujerar.

Bari in ɗan tsaya kan suga tunda shi ya kusa yi mana ɓarna. Daonil, wato glibenclamide, aikinsa matsa wa jiki ya fitar da insulin, ko ka ci abinci ko ba ka ci ba shi dai aikinsa zai yi. In suga ya sauka ƙasa da 0.70 a na'urorinmu na nan sai zufa, karkarwa, yunwa, bugun zuciya, mutum ya rikice ya fara surutai ko masifa, in aka bar shi ya suma ko ya yi jijjiga. Maganin in yana iya haɗiya shi ne sukari giram 15 zuwa 20, kamar ƙwaya uku ko huɗu na sukarin kwali, a jira minti 15 a sake gwadawa, sannan ya ci abinci mai nauyi. In ya riga ya suma kuma don Allah kar a ɗura masa komai a baki, huhu zai tafi, nan sai allurar glucagon miligiram 1 a tsoka ko ruwan glukoz ta jijiya. Kuma shi Daonil yana daɗewa a jiki, mutum zai farfaɗo ka zata an gama da yamma ya sake faɗuwa, shi ya sa ranar a gidan Yaya na kwana. Maganar wai ba a cin abinci kafin allura, wannan na wanda za a sa wa barci gaba ɗaya ne a ɗakin tiyata, allurar dasashi ba ruwanta da wannan, ka karya da kyau ka sha maganinka, kuma ka roƙa a sa ka a farkon layi. Masu azumi ga suga kuma su yi shawara da likitansu tukuna, kar a haɗa azumi da ƙwaya da cire haƙori a yini ɗaya.

Ita yarinyar da tace tsoro ne ban ga laifinta sosai ba, don gaskiya suma ta tsoro ita ce ta fi yawa a ɗakin haƙori, kuma ƙartin samari ta fi kamawa, su da ke shigowa suna cika baki. Mutum zai ji jiri, ya yi fari, ido ya yi duhu ya sulale. Wannan ba ta son magani, a kwantar da kujerar a ɗaga ƙafafunsa sama jini ya koma kai, cikin minti ɗaya ko biyu zai dawo. Mu kuma me muke yi, sai mu zaunar da shi mu tallafe muna sheƙa masa ruwa muna fifita, a zaunen nan kuwa jinin ba zai hau ba. Mai tsohon ciki ita a gefen hagu ake kwantar da ita. In an kwantar bai dawo ba to ba tsoro ba ne, a nemi wani dalili, a fara da suga.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne borin jiki mai tsanani, anafilaksi. Na gan shi da idona a irjans kuma ba na fatan in sake gani. An ba mutum magani, sau da yawa dangin penisilin irin su amoxicilline da ake rubutawa kullum don haƙori, wani ma safar hannu ta roba ce ke tayar masa, cikin mintuna jiki ya fashe da borin jini, leɓe da harshe su kumbura, murya ta dishe, numfashi ya koma fito, tansiyo, wato awon hawan jini, ya faɗi. Magani ɗaya ne ke tsayar da shi, adrenalin, rabin mililita na kwalbar nan mai miligiram 1, wato miligiram 0.5 ga babba, a tsokar cinya ta waje, in bai lafa ba a ƙara bayan minti 5, yaro ɗan 6 zuwa 12 kuma 0.3. Kar a tsayar da mutumin da ƙafafunsa. Na sha ganin abokan aiki suna fara zuƙo dexa ko hydrocortisone, waɗannan sai sun ɗau awanni kafin su yi aiki, maƙogwaro kuwa ba zai jira ba. Yanzu ka tuna kwalaben nan biyu masu kalar shayi. Adrenalin ba ya son zafi ba ya son haske, ƙasa da digiri 25 ake so a ajiye shi, mu kuwa a Garwa da Marwa da Kusuri daga Maris zuwa Mayu 40 muke wucewa, ɗaki mai kwano ba fanka. Kenan mu ne muka fi kowa buƙatar duba akwatin nan akai-akai, ruwan ya zama garau kamar na famfo, da zarar ya canza kala a jefar ko kwanan watan bai cika ba.

Af, kafin in manta, akwai masu cewa allurar haƙori ba ta karɓe su ba don sun taɓa jin zuciyarsu na dukan uku-uku bayan an yi musu. Yawanci ɗan adrenalin ɗin da ake haɗawa da Xylocaïne, wato allurar kashe wurin, ne don ta daɗe tana aiki kuma jini ya ragu, yana wucewa da kansa, ainihin borin allurar da wuya ake samunsa. Duk da haka a faɗa wa likita, shi zai tantance.

Sauran zan bi su da sauri kar in cinye maka shafi. Mai asma ya zo da Ventoline ɗinsa a aljihu, kuma ya sani aspirin da ibuprofen suna tayar wa wasu. Dattijo ya dafe ƙirji yana zufa ciwon na sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, a tsaya da aiki, a fesa trinitrine, maganin ciwon ƙirji na zuciya, ƙarƙashin harshe, in bai lafa ba ya tauna aspirin miligiram 300 muddin ba ya yi masa bori, a nemi mota. Tansiyo ya kai 18 bisa 11, wato 180 bisa 110, a ɗaga aikin zuwa wata rana, amma ta ina za ka sani in ba ka ɗaura masa abun awo ba? Mai farfaɗiya kar ya tsallake Gardénal ko Tégrétol ɗinsa ranar, in ta tashi a janye ƙarafa daga bakinsa, kar a cusa cokali kar a danne shi, kuma yawunsa ba ya sa wa kowa cutar, a duba agogo, in jijjiga ta wuce minti 5 sai midazolam ko Valium. A nan sai na ce wa ƙannenmu masu kilando da masu aikin ƙarfi, tramol ɗin nan yana jawo jijjiga ko ga wanda bai taɓa farfaɗiya ba, ka raɗa wa likita a kunne kana sha, shi ba ɗan sanda ba ne.

Sai jini. Akwai iyayenmu da ke shan maganin tsinka jini irin su Sintrom saboda zuciya ko bayan shanyewar ɓarin jiki, waɗannan sai an yi gwajin INR, na saurin daskarewar jini, kafin a taɓa haƙori, kuma kar wanda ya daina sha da kansa don zai je cire haƙori, gudan jinin da ake gudu ya fi zubar haɗari. Wanda ya san a gidansu in an yi kaciya jini ba ya tsayawa da wuri ya faɗa. Mai sikila ya faɗa, mai ciwon hanta ya faɗa, wanda aka sa wa bawul a zuciya ya faɗa don shi akwai antibiyotik da zai sha awa ɗaya kafin aiki. Bayan an cire a cije kompres, wato audugar da likita ya sa a wurin, minti 20 zuwa 30 ba magana ba tofarwa, kuma yinin nan ba kuskure baki, ni na san da wuya ga mai alwala amma a yi a hankali kar a wanke gudan jinin da ya toshe ramin.

Akwai wata maƙwabciyarmu da kuncinta ya kumbura, kwana biyar tana aika yaro wajen mai tebur yana sayo mata diclofenac, zafi ya lafa ta zata sauƙi ne alhali ruɓar tana ci ta ƙasa. Ranar da matata ta kira ni na shiga, kumburin ya sauko ƙarƙashin haɓa ya yi tauri kamar katako, baki ba ya buɗuwa ko yatsa biyu, yawu na zuba don ba ta iya haɗiyewa, a zaune take kwana. A daren muka kai ta, sai da aka tsaga aka fitar da mugunya ta yi kwanaki a gado. Irin wannan kumburin hanyar numfashi yake toshewa, duk wanda ya ga haka kar ya jira gari ya waye. Kuma shi diclofenac da ibuprofen ba na kowa ba ne, mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai ciki musamman daga wata 6, paracetamol ya fi musu.

To Edita ina gizo yake saƙar? Ni a ganina a wajen tambaya ne, kuma harshe na ciki. Da yawa daga likitocinmu daga kudu aka turo su, Faransanci suke yi, majinyaci kuma Hausa ko Fulatanci ko Larabcin Shuwa. Ka ce wa tsohuwa "alerji" sai ta gyaɗa kai kawai don kunya. Amma ce mata Inna akwai maganin da kika taɓa sha jikinki ya yi ƙaiƙayi ko fuska ta kumbura? Nan take za ta ba ka labari har da shekarar da abun ya faru. Ka tambayi mutum kana da wata cuta, zai ce lafiya lau alhamdulillahi, don mu ba ma kai ƙarar jikinmu, amma ce masa Baba wace ƙwaya kake sha kullum, sai ya zaro leda daga aljihu. Ga mata kuma da ba za su ce suna da ciki a gaban suruki ko ƙanin miji da ya rako su ba, sai an fitar da ɗan rakiya an tambaye su a hankali. Wannan duk bai fi minti uku ba kuma ba ya cin ko dala.

A Ingila duk ɗakin haƙori sai ya ajiye adrenalin, aspirin, glucagon, glukoz na sha, trinitrine, midazolam, salbutamol da oksijin, ma'aikata kuma suna sabunta horon ceto duk shekara. Na san wani zai ce kai Malam ina mu ina Ingila. Naji, glucagon yana da tsada kuma ajiyarsa sai da sanyi, na'urar farfaɗo da zuciya ma ba kowa zai iya saye ba. Amma sukarin kwali fa? Aspirin fa? Kwalbar adrenalin da Ventoline guda ɗaya? Ban da sukarin, duk suna cikin jerin muhimman magunguna da OMS ke fitarwa tun 1977, ba kayan gayu ba ne. Danna ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti in zuciya ta tsaya kuwa hannu kawai yake buƙata da wanda ya koya. Ina roƙon delegasiyon lafiya na jihohinmu uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, da ƙungiyar likitocin haƙori, in an zo zagayen duba ɗakunan haƙori na gwamnati da masu zaman kansu a ce a buɗe akwatin, a ɗaga kwalba a duba kalarta da kwanan wata, a tambayi mai taimaka wa likita nawa ake zuƙa kuma ina ake sokawa. A liƙa takarda a bango da adadin kowane magani da lambar da za a kira, don in abu ya faru kai ba ya aiki, ni shaida ne. A sa mutum ɗaya ya riƙa dubawa duk farkon wata yana sa hannu.

Mu ma masu zuwa, ka ɗauki karne ɗinka, wato littafin asibitinka, da kwalayen magungunanka gaba ɗaya har da na gargajiya ka zube wa likita a tebur ko bai tambaya ba, kuma ba rashin kunya ba ne ka ce dokta in wani abu ya same ni a kujerar nan me kuke da shi.

Mun koma bayan sati ɗaya da sassafe, Yaya ya sha kununsa da ƙosai, matarsa ta cusa masa dabino a aljihu, ni kuma na riƙe ledar magunguna. Kafin mu zauna likitan ya jawo akwatin ya buɗe min yana dariya, sabbin kwalabe garau, Ventoline, ga kwalin sukari a gefe an rubuta kar a taɓa da jan biro, yace saboda masu shayin dare. Aka auna tansiyo aka gwada suga 1.40, aka cire haƙorin cikin minti 10. Akwai wani na sama da shi ma ya fara rami, an ba mu ranar Alhamis ta sama.

Na gode Edita, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka, a gaida ma'aikata.

Naku,
wani ma'aikacin jinya daga Garwa, Kamaru